Ruwan Roba a Akwatin Kifin Ado: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba

Masu kiwon kifin ado kan tsorata idan suka ga an rubuta a jikin robar ruwa cewa an tace shi da iskar ozon. Tsoron na da tushe, domin ozon guba ce ga kifi: ko kaɗan ce ta shiga ruwa, takan ƙona jajayen sassan nan na gefen kansa da yake numfashi da su. Sai dai ozon ba ta daɗewa. A ruwa mai ɗumin ɗaki, rabinta kan koma iskar oksijin cikin kimanin minti 20 zuwa 30, saboda haka kafin roba ta bar masana'anta ta iso kanti, babu sauranta. Haɗarin gaske yana wani wajen, kuma shi ne yake kashe kifi.

ABIN DA ZA A YI

1. A karanta takardar da ke jikin robar. A duba ko ruwan marmaro ne mai ɗauke da ma'adinai, ko kuwa wanda aka tace ta na'urar da ke cire komai, har da kalsiyam da magniziyam. Na farko ya fi dacewa da kifi. Na biyu ruwa ne wanda ba komai a cikinsa.

2. A mallaki kayan gwajin ruwa. A auna pH (ma'aunin tsamin ruwa) da taurin ruwan (yawan ma'adinansa) kafin a zuba. Ruwan da aka raba da ma'adinansa ba ya iya riƙe pH ɗinsa. Kashin kifi da ragowar abinci kan sa ya yi tsami a dare ɗaya, a wayi gari kifaye suna kwance a gefe suna haki.

3. Idan dole ne a yi amfani da ruwan da aka cire wa ma'adinai, a mayar masa da su. Ana sayar da hoda ko ruwan magani na musamman domin haka a shagunan kayan kifi. Ko kuma a gauraya shi da ruwan famfo da aka riga aka kashe kulorin ɗinsa.

4. A san irin kifin da ake kiwo. Gufi da kifin zinariya suna son ruwa mai ɗan tauri. Kifayen siklid na Tafkin Malawi suna buƙatar mai tauri, pH ɗinsa kusan 8. Niyon tetira, ɗan asalin kogunan Amazon, ruwa mai laushi yake so.

5. A daidaita zafin ruwan. Yawancin kifayen ƙasashe masu zafi suna rayuwa tsakanin digiri 24 zuwa 27. A ajiye robar kusa da akwatin na 'yan sa'o'i, a buɗe murfin, sannan a zuba a hankali.

6. A canza ruwa kaɗan-kaɗan: kashi ɗaya cikin huɗu a mako ya wadatar.

ABIN DA BA ZA A YI BA

1. Kada a zuba ruwan da ya fito daga firji, ko wanda ya yini a but ɗin mota cikin rana. Sauyin zafi kwatsam yana raunana kifi, ya buɗe ƙofa ga cutar fararen ɗigo a jikinsa.

2. Kada a yi amfani da ruwa mai gas, mai ɗanɗano, ko mai ƙarin bitamin. Iskar da ke cikin ruwa mai gas takan shaƙe kifi nan take.

3. Kada a ɗauka lambar hukumar NAFDAC a jikin roba ko ledar fiyo wata shaida ce ga kifi. Ta tabbatar ne cewa ɗan Adam zai iya sha. Kifi kuwa a cikin ruwan yake numfashi, dare da rana.

4. Kada a zubar da duk ruwan akwati a cika da sabo, komai tsabtarsa. Kada kuma a wanke soson filta da ruwan famfo. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a ciki su ne ke mayar da amoniya mai guba zuwa abin da kifi zai iya jurewa, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. A wanke soson a cikin tsohon ruwan da aka ɗebo daga akwatin.

5. Kada a dogara da shanya ruwan famfo kawai. Kulorin yana fita cikin yini guda, amma kuloramin, wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da akan sa a ruwan famfo, ba ya fita haka. A yi amfani da maganin kashe su.

6. Kada a riƙa sauya kamfanin ruwa kowane mako. Kowane ruwa da nasa ma'adinan, kifi kuma ba ya son a riƙa yi masa canje-canje.

7. Kada a sayi injin ozon a jona shi da ƙaramin akwati a gida. Manyan gidajen kifi suna amfani da shi ne tare da gawayin tacewa da na'urorin aunawa.

Hukuncin a taƙaice: ruwan roba da aka tace da ozon ba ya cutar da kifi saboda ozon ɗin. Yana cutar da shi ne idan aka zuba ba tare da gwaji ba. Duk wanda ya kawo kifi gidansa ya ɗauki amanar rai, kuma za a tambaye shi a kanta. A auna kafin a zuba.