Wa Ke Biyan Kuɗin Tsaron Kasuwar Dembé?

Wani mai sauraro daga Dembé, a birnin Njamena, ya tambaya: wa ke biyan masu tsaron kasuwarsu, kuma wa za a kira idan mai taɓin hankali ya rikice?

Malam, 'yan sandan ƙasa da jandarmomi, gwamnatin Chadi ce ke biyansu. 'Yan sandan birni kuwa na ƙarƙashin magajin gari, kuma harajin da kuke biya a kasuwa yana cikin kuɗin shigar birnin. Tun bayan hare-haren Boko Haram na 2015, hankalin hukuma ya fi karkata ga tsaro.

Game da taɓin hankali kuwa, likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne a Chadi. Mai wannan larura asibiti ya kamata a kai shi, kada a ɗaure shi da mari. Ku tambayi kansilolinku nawa aka ware wa irin wannan jinya.