Amsoshin Tambayoyinku: Ɗana Ya Ƙi Littafi, Sai Wasan Ruwa

Tambaya: Ɗana shekararsa uku da rabi. Na saya masa littafin ABCD, amma ko minti biyu ba ya yi a zaune. Aikinsa kullum juye ruwa daga buta zuwa kofi, in ina tsince wake kuma sai ya dage shi ma sai ya yi. Na ji ana cewa a bar yaro ya zaɓi abin da zai koya, surukata kuwa ta ce sangarta ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina mafita? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya raya mana shi. Ki kwantar da hankalinki, yaron nan karatu yake yi, littafin ne bai kai gare shi ba tukuna.

Wadda ta fi shahara da tsarin barin yaro ya zaɓi abin da zai koya wata likita ce 'yar ƙasar Italiya, Mariya Montessori. A 1907 ta buɗe gidan renon yara a unguwar San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Rum. Ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsawon yaran, aka sauko da kaya inda hannunsu zai kai, ta koma gefe tana lura. Sai ta ga yaro yakan ɗauki aiki guda ya yi ta maimaita shi ba gajiya, ba wanda ya sa shi, har sai hannunsa ya faɗa. Shara, wanke hannu da zuba ruwa duk suna cikin darussan.

To, ki dubi ɗanki da butarsa. Yana koyon riƙe abu da yatsu, yana auna lokacin da kofi zai cika, yana ganin abin da ke faruwa in ya karkata da yawa. Yatsun nan su ne za su riƙe alƙalami gobe. Abin da ya rage gare ki shi ne gyara masa wuri: ƙaramar buta, kofuna biyu, tsumma, a wani lungu na tsakar gida. Ki nuna masa sau ɗaya, a hankali, ba yawan magana, sannan ki janye hannunki. Nan ne wahalar take, domin uwa ba ta son ganin ruwa na malala. In ya zubar, kada ki karɓe butar. Miƙa masa tsumman. In kina tsince wake, ki ɗiba masa kaɗan a faifai ya zauna kusa da ke, kuna ƙirga tsakuwar da ya fitar: ɗaya, biyu, uku. Lissafi ya shigo ke nan.

Amma surukarki ma tana da gaskiyarta, kuma ina so ki faɗa mata haka. Zaɓin yaro yana cikin da'irar da ke kika zana. Shi zai zaɓi tsintsiya ko faifai, ba shi zai yanke lokacin barci ba, ko gaida manya, ko mayar da kaya mazauninsu bayan ya gama. Murhu, wuƙa da bakin rijiya ba a shawara a kansu. Kada ki bar shi shi kaɗai da bokiti cike da ruwa, waken kuma idonki na kansa, don yara kan cusa shi a hanci. In yana da ƙanen da bai kai uku ba, kada ma ya taɓa.

Littafin kuwa ki ajiye shi ƙasa-ƙasa inda zai gan shi. Ranar da ya nuna wani harafi a jikin gwangwanin madara ya ce "Umma, mene ne wannan?", ki faɗa masa, ki zana shi a rairayi ya bi da yatsa. In ya tashi ya koma ga butarsa, ki ƙyale shi, wataƙila gobe ya sake tambaya.