Yaushe Ya Dace a Bar wa Yaro Tsaron Gida?

A karkarar arewacin Jihar Kano, kamar ƙasashen Ɗambatta, Bichi da Minjibir, gidaje suna kusa da juna a tsakiyar gonaki, kuma da wuya a rasa babba a gida. Amma akwai ranakun da gida kan yi fayau, wato lokacin noma da girbi, ranar kasuwa, ko in an tafi biki ko asibiti. A nan ne iyaye kan bar wa yaro tsaron gida.

Masanin halayyar yara Jean Piaget, mutumin Suwizalan, ya nuna cewa daga wajen shekara 7 zuwa 11 yaro ke fara auna dalili da sakamakon abin da yake gani. Sai dai sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai hana gaggawa, ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Saboda haka yaro kan san haɗari, amma ya ruɗe idan abin ya auku.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2008 ya lissafa manyan haɗurra 5 ga yara: haɗarin hanya, nutsewa a ruwa, ƙuna, faɗowa da shan guba. A ƙauye, mafarinsu shi ne rijiya marar murfi, kududdufi da damina, kaskon wuta da hunturu, kananzir a kwalbar lemo, da maganin ƙwari na ajiyar wake.

Ke nan ba shekaru kaɗai ake dubawa ba. Sai a gwada yaro da tambayoyi:

1. Ya san maƙwabcin da zai kira idan wuta ta tashi?
2. Ya san ruwa mai sanyi ake kwarara wa ƙuna na minti 20, ba manja ko ɗanyen ƙwai ba?
3. Ya san ba a sa wanda ya sha kananzir amai, asibiti ake kai shi?
4. Yakan bi umarni ko ba idon babba?

In ya ci jarrabawar, a fara da ɗan lokaci kaɗan da rana, bayan an rufe rijiya, an kashe wuta, an sanar da maƙwabta. Raino kuwa wani nauyi ne dabam, domin 'yan shekara 1 zuwa 4 ne suka fi nutsewa. Yarinyar da ta isa tsaron gida ba lalle ne ta isa tsaron ƙaninta mai rarrafe ba.

Aikin aji: kowane ɗalibi ya zana taswirar gidansu, ya nuna wuraren haɗari.