Tallafin Man Fetur: Me Aka Cire, Kuma Ina Kuɗin?

Ranar Litinin 29 ga Mayu, 2023, sabon shugaban ƙasa Bola Ahmed Tinubu yana tsakiyar jawabin kama mulki a Abuja ya sanar cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin magariba gidajen mai da yawa sun ja ƙofa, waɗanda suka bar tasu a buɗe kuwa layi ya miƙe har kan titi. Bayan kwana biyu kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya fitar da sabon farashi. Litar da ake saye a kusan naira 190 ta koma 488 a Legas, 540 a Kano, 557 a Maiduguri.

Tun daga ranar ake ta musu a tashoshin mota da teburan masu shayi da gidajen rediyo. Sai dai da yawa daga cikin masu ɗaga murya ba su taɓa samun wanda ya zaunar da su ya bayyana musu mene ne tallafin ba, daga aljihun wa ake biyansa, kuma wa ya fi morarsa. Wannan bayanin ya kamata ya riga musu zuwa.

Nijeriya tana haƙo ɗanyen mai, amma ta shafe shekaru masu yawa ba ta iya tace wanda zai ishe ta. Gwamnati tana da matatu huɗu: biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna wadda aka buɗe a 1980. A takarda za su iya tace ganga 445,000 a rana, a zahiri kuwa sun fi daɗewa a kwance. Saboda haka sai a sayar da ɗanyen mai a waje, a sayo tatacce da dala, a yi dakonsa a jirgin ruwa zuwa Legas. A ce, a misali, lita ta iso gaɓa a kan naira 400, gwamnati kuma ta ce kada a sayar wa jama'a fiye da 185. Giɓin nan na naira 215 a kan kowace lita dole wani ya cike shi. Kuɗin cikewar shi ne tallafi.

Ba daga sama kuɗin yake faɗowa ba. A lokacin ana zare shi ne daga kuɗin man da ya kamata ya shiga asusun tarayya, wato tukunyar da gwamnatin tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774 suke raba abin da ke ciki kowane wata. A 2022 kaɗai tallafi ya ci fiye da naira tiriliyan 4, har NNPC ya yi ta wata da watanni bai zuba ko sisi a asusun ba. Ke nan ƙauyen da asibitinsa ba magani shi ma ya biya rabonsa na tallafi, ko da kuwa babu mai mota ko ɗaya a cikinsa.

Akwai kuma wani reshe na tsarin da ya shafi Arewa kai tsaye. A 1975 aka kafa asusun daidaita farashin mai, wanda yake biyan kuɗin dakon tanka daga kudu zuwa garuruwa masu nisa, don mutumin Sakkwato ya sayi lita a farashi ɗaya da mutumin Legas. Da aka saki farashi, wannan ma ya bi ruwa. Shi ya sa yanzu duk nisan gari da teku, haka tsadar mansa.

Masu goyon bayan cirewa suna da hujjoji masu nauyi, kuma bai kamata a yi watsi da su don haushi ba. Ta farko ita ce, tallafi yana bin lita ne, ba ya bin mutum. Attajirin da ke da motoci biyar a gida da babban janareta yana shan ɗaruruwan litoci a wata, kowace lita kuma da rangwamenta. Mai babur yana shan kaɗan, ya sami kaɗan. Tsohuwar da ke dakon itace a ka ba ta samun komai kai tsaye.

Ta biyu fasa-ƙwauri. Duk wanda ya san hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ko Illela zuwa Ƙonni, ko Maigatari, ya san yadda ake ɗaure jarkoki a kan babura ana bi ta daji, da motocin da aka faɗaɗa wa tanki don wannan sana'a kawai. A can ƙetare za a tarar da man a bakin titi cikin kwalabe, yaro na tsaye da mazurari yana ɗura wa masu babur. Haka abin yake a Kamaru da Jamhuriyar Benin. A Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mazauna garuruwan iyaka suka sha wuya, masu fasa-ƙwauri kuma suka sake hanya. Bayan cire tallafi, alƙaluman hukuma na man da aka ce ƙasar tana sha a rana sun faɗo daga lita miliyan sittin da wani abu zuwa arba'in da wani abu. Wani ɓangare na raguwar ajiye motoci ne da mutane suka yi, wani kuwa man da dama can ba a Nijeriya ake shansa ba.

Ta uku, wato almundahana, ita ce mafi ɗaci. A ranar 1 ga Janairu, 2012, gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki, ƙasa ta tsaya cik, a Kano matasa suka yi zaman dirshan a dandalin Silver Jubilee. Bayan mako biyu gwamnati ta sauko zuwa 97. Binciken da Majalisar Wakilai ta yi daga baya ya gano cewa a 2011 an ware naira biliyan 245 don tallafi a kasafin kuɗi, amma abin da aka kashe ya haura tiriliyan 2, kamfanonin da ke shigo da mai sun ƙaru daga 'yan ƙalilan zuwa 140, an kuma biya wasu kuɗin man da ba su kawo ba. Wani abin takaicin, shi kansa shugaban kwamitin binciken, Farouk Lawan, kotu ta same shi da laifin karɓar cin hancin dala 500,000 a kan wannan aiki, aka ɗaure shi a 2021.

To, amma masu adawa da cirewar su ma ba maganar banza suke yi ba. A ƙasar da wutar lantarki ba ta tsayawa, fetur ba abin mota kaɗai ba ne. Manomin rani a Kura ko Kadawa da fetur yake tayar da injin ban-ruwa. Mai aski da tela da mai cajin waya da ƙaramin janareta suke aiki. Mai niƙa da injinsa, ɗan adaidaita sahu da tankinsa. A dubi ɗan adaidaita da safe: kafin ya ɗauki fasinja na farko sai ya tsaya a gidan mai, ya zuba na abin da ke aljihunsa, yana lissafin balas ɗin da zai kai wa mai mashin da yamma. Ya ƙara kuɗin mota, fasinja ya ce gara ya taka da ƙafa. Ya bar shi yadda yake, ya koma gida hannu wofi. Ita ma tsohuwar nan mai itace, da aka ce ba ta samun komai, tana sayen masarar da aka ɗauko a mota. Ashe tallafin yana isa gare ta a fakaice, ta kwanon awo.

Sannan ba tallafi kaɗai aka cire ba. A Yuni 2023 aka saki naira a kasuwar canji, dalar da hukuma take sayarwa a kusan naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Tunda da dala ake sayo mai, farashinsa ya bi ta, ya wuce naira 1,000 a wurare da dama a Oktoba 2024. Hauhawar farashin kaya ta tashi daga kashi 22 cikin ɗari zuwa kusan 35 a ƙarshen shekarar. Mafi ƙarancin albashi kuwa sai a Yuli 2024 aka ɗaga shi daga naira 30,000 zuwa 70,000, wata goma sha huɗu bayan cirewar. Motocin haya masu amfani da iskar gas da aka yi alkawari su ma a baya suka biyo, a hankali. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A nan an kama hanya tukuna sannan aka fara neman goran. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta 2024, wadda ta fi zafi a biranen Arewa, daga nan ta samo tushe.

Akwai kuma batun yarda. Wannan ba shi ne karo na farko da aka ce wa talaka ya yi haƙuri za a yi masa aiki da rarar kuɗin tallafi ba. A 1994 Janar Sani Abacha ya kai lita naira 11, ya kafa asusun PTF ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari, kuma har yau dattawa suna tuna hanyoyi da magungunan asibiti masu tambarinsa. A 2012 aka kafa makamancinsa, shirin SURE-P, wanda ya watse ba tare da ya bar irin wannan suna ba. A 2016 Buhari, wanda ya soki cirewar a baya, ya ɗaga lita daga naira 86.50 zuwa 145, tallafi kuma ya sake dawowa da wani sunan. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Wasu sun sa rai matatar Ɗangote da ke Legas, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, wadda ta fara sayar da fetur a Satumba 2024, za ta dawo da arha. Ta rage dogaro da shigowa daga waje, farashi ya ɗan sauko, dogayen layuka sun ragu. Amma matata kasuwanci ce, tana sayen ɗanyen mai a farashin kasuwar duniya, don haka ba za ta sayar a naira 190 ba.

Idan aka auna duka, tsohon tsarin ya ruɓe, kuma da wuya a sami gwamnatin da za ta iya ɗaukar nauyinsa kuma. Laifin da ke kan gwamnati shi ne garaje da rashin shiri. Tambayar da ta rage wa jama'a, wadda ta fi “a dawo da tallafi” amfani, ita ce ina rarar ta shiga. A farkon 2023 abin da ake rabawa daga asusun tarayya a wata bai kai naira tiriliyan ɗaya ba. Zuwa ƙarshen 2024 ya haura tiriliyan ɗaya da rabi. Gaskiya ne faɗuwar naira ta kumbura adadin, kuma kuɗin yau ba ya sayen abin da na jiya ya saya. Duk da haka jihohi sun sami ƙari sosai, kuma makarantar firamare da ƙaramin asibiti da rijiyar burtsatse da hanyar ƙauye duk a wuyan jiha da ƙaramar hukuma suke, ba Abuja ba. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.

Rabon kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma ana wallafa shi duk wata, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana sa shi a intanet, jaridu ma suna bugawa. Mai karatu ya nemi na ƙaramar hukumarsa, in bai iya ba ya sa ɗansa ko malamin makarantar unguwa ya duba masa a waya. Ya rubuta adadin a takarda, ya tafi da ita taron ƙungiyar unguwa ko na iyayen yara, a gayyato kansila da ɗan majalisar jiha, a tambaye su cikin ladabi, a gaban mai unguwa: ga abin da ya shigo a watan jiya, a nuna mana aikin da aka yi da shi.