Kwaɗon Miyuteks a Ƙwayar Linux da Yadda Harshen Rust Ke Sarrafa Shi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake amfani da wani kwaɗo mai suna miyuteks a cikin ƙwayar Linux ta hanyar harshen Rust. Abin da muke nufi da ƙwaya shi ne ɓangaren manhajar gudanarwa wanda ke raba wa ayyuka lokaci da ma'adana, yake kuma hulɗa da na'urori kai tsaye. Linus Torvalds ne ya soma rubuta Linux a shekarar 1991, da harshen C aka gina ta. Sai a watan Disamba na 2022, cikin siga ta 6.1, aka buɗe wa Rust ƙofa. Dalilin haka kuwa ba ɓoyayye ba ne: a 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaron da yake toshewa kowace shekara daga kuskuren sarrafa ma'adana take tasowa.

2.0 Asalin Matsalar

Kwamfuta kan gudanar da ayyuka da dama a lokaci guda, galibi kuma sukan yi tarayya a kan bayani ɗaya. Alal misali, a ce akwai wata lamba 10 a ma'adana, ayyuka biyu kuma kowanne na son ya ƙara mata 1. Na farko ya karanta 10, kafin ya rubuta sai na biyu shi ma ya karanta 10. Kowannensu ya rubuta 11, alhali 12 ce ta dace. Wannan shi ne rige-rige. Abin ya fi muni idan wani aiki ya saki wani gurbi na ma'adana alhali ɗan'uwansa yana cikin karanta shi, domin ta irin wannan kafa ɓarayin bayanai ke kutsawa.

Tun a 1965 Edsger Dijkstra ya yi rubutu a kan yadda za a sa ayyuka su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. Miyuteks na cikin hanyoyin da suka biyo baya, Ingo Molnar kuma ya shigar da shi Linux a 2006. Ƙa'idarsa ita ce: aikin da ya tarar da kwaɗon a buɗe sai ya kulle, ya yi abin da ya kawo shi, sa'an nan ya buɗe. Wanda ya tarar da shi a kulle kuwa sai ya shiga layi, a sa shi barci har a tashe shi.

3.0 Yadda C da Rust Suka Bambanta

A harshen C, kwaɗo daban, kayan da yake tsarewa daban. Marubuci zai kira mutex_lock kafin ya taɓa bayanin, ya kira mutex_unlock bayan ya gama. In ya mance da na farko, manhajar fassara ba za ta ce masa uffan ba. In kuma kuskure ya fitar da aikin ta wata hanya bai buɗe ba, duk mai jira zai dawwama yana jira. Ashe ke nan dokar tana cikin kan marubuci ne kurum.

A Rust kuwa, bayanin yana cikin kwaɗon ne, tamkar kaya a cikin akwati. Babu hanyar isa gare shi sai an kira lock, wanda ke miƙo wani abu da za mu kira mai gadi. Ta hannun mai gadi kaɗai ake karatu da rubutu, kuma da zarar aiki ya fita daga farfajiyar da aka samar da shi, ko ta wace ƙofa, kwaɗon zai buɗe da kansa. Har ila yau, manhajar fassara ba ta yarda a riƙe manunin da aka aro daga mai gadi bayan shi ya kau.

Ɗalibin nahawu zai gane wannan bambanci da sauri. Gaishe da babba ladabi ne, mutum na iya mancewa, jimlarsa kuma ta fita daidai. Amma wanda ya ce "yarinya ya zo", harshen ne da kansa ya ƙi. Rust ya ɗauke dokar kwaɗo daga babin ladabi ya mai da ita babin nahawu.

4.0 Matsalar Turke

Ba sabon kwaɗo aka ƙera ba. Miyuteks ɗin C ne dai a ƙarƙashi, aka yi masa riga ta Rust, wadda Wedson Almeida Filho ya rubuta, ta shiga siga ta 6.4 a 2023. A nan aka gamu da cikas. Cikin miyuteks akwai jerin masu jira, wanda idan babu kowa a ciki yakan riƙe adireshin kansa. Shi kuwa Rust, al'adarsa ce ya kwashe abu daga wannan gurbi zuwa wancan. Da za a kwashe kwaɗon, da adireshin ya ci gaba da nuna tsohon gurbi. Saboda haka dole a kafa shi a inda zai zauna, a ɗaure shi a turke, wanda a Rust ake kira Pin. Benno Lossin ne ya tsara hanyar da ake kafa irin waɗannan abubuwa a mazauninsu tun daga farko.

5.0 Abin da Rust Bai Magance Ba

Na farko shi ne cirko-cirko. Idan aiki ɗaya ya riƙe kwaɗon A yana jiran B, ɗayan kuma ya riƙe B yana jiran A, babu mai motsawa, nahawun Rust kuma bai hana wannan ba. Manhajar lockdep ce, wadda ta shiga Linux a 2006, ke lura da jerin da ake bi wajen kullewa yayin gwaji. Na biyu, miyuteks na sa aiki barci, akwai kuwa wuraren da barci ya haramta, kamar lokacin amsa kiran gaggawa na na'ura. A nan wani kwaɗo ake ɗauka wanda mai jiransa ke tsaye yana ta dubawa, zaɓen wanda ya dace kuma yana wuyan marubuci. Na uku, layukan da ke kiran C suna ɗauke da alamar unsafe, watau wurin da manhajar fassara ta janye hannu ta dogara ga alkawarin ɗan Adam. Kuskure a nan zai shafi duk wanda ya jingina da rigar.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa Rust ya toshe kafa biyu, taɓa bayani ba tare da kwaɗo ba da kuma mance buɗewa. Sauran nauyin bai gushe ba, sai dai an tattara shi a 'yan layuka kaɗan da masana za su iya bi ɗaya bayan ɗaya, maimakon ya watsu a dubban wurare. Kalmomin da muka yi amfani da su, irin su ƙwaya da mai gadi da turke, shawara ce kawai, muna kuma fatan malamai da 'yan'uwa ɗalibai za su auna su, su gyara inda ya kamata.