Amsoshin Tambayoyinku: Zan Iya Ƙara Wa Kwamfutata Gudu a Zafin Haɗejiya?

Tambaya: Ina haɗa bidiyon biki da na suna a wani ɗan shago a Haɗejiya. Kwamfutata ta tebur tana jan ƙafa wajen fitar da aiki, har masu biki su fara yi mini sintiri. Na ga Turawa a YouTube suna ƙara wa furosesa gudu, abin da suke kira obakulokin. In na gwada, ba za ta ƙone ba?

Amsa: Fara duba ko ƙofar ma a buɗe take. In furosesarka Intel ce, sai akwai harafin K a bayan lambarta, kamar i5-12600K, kuma madabod ɗin ya zama ɗan gidan Z, kamar Z690. In Ryzen ce ta AMD, yawancinsu a sake suke, muddin madabod ɗin B450 ne ko B550 ko makamancinsu. Amma in irin Dell OptiPlex ko HP ɗin ofis ce da ake kawowa gwanjo, an kulle wannan ƙofar tun daga kamfani, kada ka wahalar da kanka.

To, a ce a buɗe take. Ba na so ka kwaikwayi mutumin YouTube, kuma ga dalili. Shi yana gwaji ne a ɗaki mai sanyin digiri 22 ko kusa da haka. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take ɗiba ta hura wa ƙarfen da ke zuƙe zafin furosesa. Duk digirin da ya ƙaru a ɗaki, kusan shi ne zai ƙaru a cikinta. In shi ya ga 75, kai da kake ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Haɗejiya kan haura 40, za ka ga 93 ko fiye, da kaya iri ɗaya, saiti iri ɗaya. Iyakar yawancin furosesar Intel kuwa digiri 100 ce, ta Ryzen 90 zuwa 95. Da ta isa can, ita da kanta za ta rage gudu don ta tsira. Ka ga ke nan ba ƙonewa za ta yi nan take ba, sai dai aikin da kake so ya yi sauri ya koma tafiyar hawainiya. Na'urar sanyaya ta ruwa ma ba ta tsallake wannan lissafin, don ita ma a iskar ɗakin take sauke zafinta.

Abin da ke kashe furosesa a hankali shi ne ƙarfin wutar da ake ɗura mata. Zafi ba ya bin wuta ƙafa da ƙafa, tsalle yake yi: ka ɗaga daga bolt 1.20 zuwa 1.35, zafin da take fitarwa zai ƙaru da fiye da kashi 25 cikin 100, tun ba ka taɓa gudun ba. A 2024 kamfanin Intel ya amsa cewa wutar da ta wuce ƙima ta raunana wasu furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14, har ya fitar da gyara ya kuma ƙara wa masu su garantin shekara biyu. Su da suka ƙera ta ke nan. Kada garin neman gira a rasa ido.

Kafin ka taɓa saiti, buɗe akwatin. Na sha ganin kwamfutar da hazon hunturu ya toshe mata ƙarfen sanyaya, damina ta zo da laimar fadama, ƙurar ta daskare kamar yumɓu. Hure taka da bulowa, ka riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Ɗaga akwatin daga ƙasa, wanda ya ga ambaliyar 2022 ba sai an faɗa masa dalili ba. Sau da yawa wannan kaɗai yana dawo da gudun da ya ɓata.

In har yanzu zuciyarka na kai, shiga BIOS. Gudun furosesa lissafi ne: megahaz 100 sau wata lamba, 45 ta ba da gigahaz 4.5. Ƙara ɗaya kawai, ka bar ƙarfin wuta yadda yake. Buɗe HWiNFO don ganin zafi, ka sa Cinebench ko OCCT su matsa mata na rabin awa, kuma da azahar za ka yi gwajin, ba da asuba ba. Ni in na ga ta haura 85, baya nake komawa. In ta ƙi tashi gaba ɗaya, cire ta daga wuta, ka zare ɗan batirin CR2032 da ke kan madabod na 'yan mintoci, saitin zai koma na asali. Kada kuma ka sabunta BIOS a kan janareta ko wutar da ka san tana iya ɗaukewa, sai da UPS.

Amma da ni ne kai, rage mata wuta zan yi kaɗan-kaɗan, ba ƙari ba. Furosesar zamani tana ƙara wa kanta gudu matuƙar tana da sanyi, don haka ragin kan sa ta daɗe tana sukuwa. Ryzen 5000 zuwa sama suna da Curve Optimizer don wannan. Sannan ka leƙa manhajar da kake haɗa bidiyo da ita, ka ga ko an kunna Quick Sync ko NVENC wajen fitar da aiki. In a kashe suke, can matsalarka take, ba a furosesa ba.