Darasi: Ƙunar hanyar abinci da neman diyya

Darasinmu na yau a kan hanyar abinci yake, wato bututun da ke kai abinci daga maƙogwaro zuwa ciki. Tsawonsa wajen babba ya kai kamar santimita 25.

Me ke ƙona ta?

A garuruwanmu mata da yawa suna yin sabulu da soda. Idan aka jiƙa soda, kamanninta ɗaya da ruwan sha. In aka zuba ta cikin kwalbar lemu ko kwanon sha, yaro mai ƙishirwa sai ya kurɓa. Ruwan batir da ruwan jabel mai ƙarfi su ma suna ƙuna.

Soda tana cin nama har can ciki. Bayan ƴan kwanaki baki yakan warke, iyaye su zaci an tsira. Amma daga mako 3 zuwa 8 tabon da ke ciki yana iya tsuke hanyar. Yaro ya kasa haɗiye tuwo, daga baya fura, har ruwa, ya yi ta ramewa. Sai likita ya riƙa buɗa hanyar sau da yawa, ko a yi aiki a babban asibiti kamar na Yamai ko na Damagaram.

Me za mu yi nan take?

Kada mu sa yaro amai, domin sodar za ta sake ƙona hanyar wajen fitowa. Kada mu ba shi lemun tsami, ko madara, ko manja. Mu wanke masa baki da fata da ruwa mai yawa, mu kai shi asibiti tare da kwalbar, ko da ba mu ga ƙuna a bakinsa ba.

Wa zai biya?

Jinyar nan takan cinye rumbu da bisashe. Dokar ƙasarmu, a aya ta 1382 da ta 1383 ta kundin dokokin farar hula, ta ɗora gyaran ɓarna a kan wanda ya jawo ta, ko da gangan ko da sakaci. Saboda haka wanda ya sayar da soda cikin kwalbar sha ba tare da gargaɗi ba, ko ya bar ta inda yaran maƙwabta ke wasa, ana iya neman diyya wajensa. In sakacin namu ne, babu wanda za mu kama.

Alƙali yana aiki da hujja. Mu karɓi takardar shaidar likita tun ranar farko. Mu adana takardun magani da na kuɗin mota. Mu riƙe sunayen shaidu. Idan za a yi sulhu gaban mai gari ko sarki, kada mu yi gaggawar yarda da kuɗi kafin likita ya bayyana iyakar raunin, tunda tsukewar a baya take zuwa. A kuma rubuta abin da aka shirya.

Ma'aikacin da ya ƙone a bakin aiki, in yana da rajista, mai gidansa ya sanar da CNSS ba da ɓata lokaci ba. Marar hali kuwa yana iya neman taimakon hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 domin agaza wa talakawa a harkar shari'a.

Diyya tana rage nauyi, amma ba ta mayar da lafiya. Mu ajiye soda sama, cikin mazubinta, a ɗaki mai kulle.

Tambayoyi

1. Don me ba a sa yaron amai?
2. Waɗanne takardu za mu adana?
3. A gidanmu, ina ake ajiye soda?